Wane Littafi Ya Dace Ka Ba Mai Son Lambu da Halittun Daji?

Shekaru kaɗan da suka wuce na saya wa yayata littafin aikin lambu, mai kauri kamar tubali, hotunan cikinsa kamar ka sa hannu ka tsinko furen. Ta yi murna, ta yi ta sa mini albarka. Bayan wata biyu na kai mata ziyara, na tarar da shi a kan kabad ƙura ta fara hawa kansa. Da na matsa mata da tambaya sai ta sauko da shi, ta buɗe babin shuka, ta ɗora yatsa a kan layin da ke cewa a jira sanyin ƙanƙara na ƙarshe ya wuce kafin a fitar da dashe waje. Ta ce, "Ƙanena, yaushe ke nan? Ni tun da nake ban taɓa ganin ƙanƙara ta kwanta a kan ganye ba." Littafin ba shi da wani aibu, marubucinsa ya san aikinsa. An dai rubuta shi ne don mutanen wata ƙasa, ni kuma bango da hoto suka ɗauke mini hankali, ban duba wannan ba.

Tun daga ranar, idan zan saya wa mai son shuke-shuke ko tsuntsaye littafi, tambayar da nake fara yi wa kaina ita ce: a ina zai buɗe shi? A tsaye a ƙarƙashin bishiya yana ɗaga kai? A durƙushe a bakin kwami hannu duk laka? Ko da dare a kan shimfiɗa, bayan an gama aikin yini? Kowane wuri da irin littafin da ya dace da shi, kuma wanda ya haɗa su a kai ya ce duk "littafin lambu" ne, to zai yi irin kuskuren da na yi.

Littafin gane tsuntsaye da tsirrai

Wannan shi ne wanda nake fifitawa a kan sauran, idan har mutumin mai yawan fita ne. Ɗan littafi ne da ake sawa a jaka ko babban aljihu, a ciki akwai zanen kowane tsuntsu ko fure ko malam-buɗe-littafi, da sunansa, da taswirar inda ake samunsa, da 'yan layuka kan abin da ya bambanta shi da mai kama da shi. Siffar da muka san shi da ita yau ta samo asali ne daga Roger Tory Peterson, wanda ya fitar da A Field Guide to the Birds a Amurka a 1934. Dabararsa mai sauƙi ce: ya jera tsuntsaye masu kama da juna a shafi ɗaya, ya ja 'yar kibiya zuwa ga alamar da za ka nema, farin layi a fiffike ko baƙin ɗigo a maƙogwaro. Kafin nan, yawancin littattafan tsuntsaye suna bayanin tsuntsu ne kamar yana riƙe a hannunka. Shi kuwa ya rubuta wa wanda zai hango shi daga nesa na daƙiƙa uku, kafin ya tashi.

Abin da ya sa nake son irin wannan kyauta shi ne tana sauya yadda mutum yake gani. Wanda a da yake cewa "wani ɗan tsuntsu ya sauka a kan katanga", bayan wata guda sai ka ji yana faɗin ko namiji ne ko mace, ko ɗan bana ne da bai gama fitar da launinsa ba. Na taɓa riƙe irin wannan littafi na wani dattijo da ya yi shekaru yana yawo da shi. Kusurwoyin bangon sun lanƙwashe, gumin hannu ya sa gefen shafukan ya yi duhu, kuma a gefen kusan kowane zane akwai kwanan wata da fensir, ranar da ya fara ganin tsuntsun ke nan. A shafin shaho akwai ɗan gashin fiffike da ya tsinta ya maƙale a ciki. Ban taɓa ganin littafin ado da aka yi wa irin wannan riƙo ba.

Sai dai a nan ma akwai tarko, kuma shi ne yanki. Nau'in tsuntsaye a duniya sun kai wajen 11,000, tsirrai masu fure kuwa sun haura 300,000, don haka babu littafin aljihu da zai iya ɗaukar su duka. Kowanne yanki ɗaya yake ɗauka. The Sibley Guide to Birds na David Sibley, wanda ya fito a 2000, na Amurka ta Arewa ne. Collins Bird Guide, na 1999, ya ɗauki Turai da Arewacin Afirka da wani ɓangare na Gabas ta Tsakiya. Nik Borrow da Ron Demey sun yi na Afirka ta Yamma, haka kuma akwai na Gabashin Afirka, da na Indiya, da na Ostareliya. Duk kyawun littafin, idan ba na inda mutumin yake zaune ba ne, ko inda yake shirin zuwa, to ka ba shi hoton baƙin da ba zai taɓa haɗuwa da su ba.

Akwai kuma zaɓi tsakanin mai zane da mai hoton kyamara. Sabon shiga yakan fi son hoto, don yana ganin shi ne gaskiya. Amma hoto tsuntsu ɗaya yake nuna maka, a haske ɗaya, a tsayuwa ɗaya, wata sa'a ma ganye ya rufe wutsiyar da ita ce alamar. Mai zane kuwa yana iya jera maka namiji da mace da ɗan tsako duk suna fuskantar gefe guda, ya ƙara maka yadda yake idan ya buɗe fiffike a sama. A tsuntsaye ina tare da zane ba tare da wani kokwanto ba. A furanni da bishiyoyi hoto yana yin aiki sosai, tun da su ba sa tashi, kuma hoton ɓawon itace ko ƙasan ganye yakan fi zane fitar da zahiri.

Wani zai ce ai yanzu waya ta gama wannan aiki, akwai manhajoji irin su Merlin da iNaturalist da kan faɗa maka suna daga hoto, Merlin ma har daga kuka. Gaskiya ne, kuma ni ma ina amfani da su. Bambancin shi ne waya tana ba ka amsa ka wuce, littafi kuwa sai ka juya shafi, ka ga 'yan uwan tsuntsun guda biyar kafin ka kai ga naka. A wannan juye-juyen ne ido yake koyo.

Littafin koyar da aikin lambu

Shi ne wanda hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, kuma shi ya fi haɗari, kamar yadda labarin yayata ya nuna. Dalilin a fili yake. Rabin aikin lambu sanin lokaci ne, lokaci kuwa ya danganta da sama. Littattafan Amurka da yawa suna bin taswirar ma'aikatar gona ta ƙasar, wadda ta raba ƙasa shiyya 13 bisa tsananin sanyin da ake kaiwa a hunturu. Wannan lamba tana faɗa maka ko shuka za ta tsira daga daskarewa, amma ba ta cewa komai kan zafin rana ko tsawon fari. Littattafan Ingila kuma suna ɗauka cewa ruwan sama na zuwa a kowane wata, rana ce ake nema, shi ya sa za ka ga suna ta nanata a kafa lambu inda rana ta fi bugawa. Mai lambu a ƙasa mai zafi, wanda inuwa ce damuwarsa, idan ya bi wannan shawara yabanyarsa za ta ƙone. Ko watanni ma ba su tsira ba: abin da littafin Turai ya ce a yi a watan Afrilu, a Ostareliya ko Afirka ta Kudu sai wajen Oktoba.

Ba sabon abu ba ne. Ibn al-Awwam, wanda ya rubuta Kitab al-Filaha a Ishbiliya ta Andalus wajen ƙarshen ƙarni na 12, ya yi bayanin ɗaruruwan tsirrai da ban ruwa da taki da auren itatuwa, kuma duk da yawan abin da ya ɗauko daga magabata, sau da yawa yakan koma ga abin da ya gwada da hannunsa a ƙasar yankinsa. Littafin lambu nagari ɗan ƙasarsa ne tun fil azal.

To me za a yi? Hanya biyu ce. Ko dai ka nemi wanda aka rubuta don irin yanayin mutumin, ko kuma ka zaɓi wanda ya tsaya a kan abin da ba ya sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Yadda ake haɗa takin gargajiya daga busasshen ganye da ɗanyen ciyawa ɗaya ne a ko'ina. Ƙa'idar binne iri zurfin da bai wuce ninki biyu ko uku na kaurinsa ba ɗaya ce. Yawancin kayan lambu sun fi son ƙasa mai awon tsami tsakanin 6 da 7, ko a wace nahiya suke. Haka ma aikin ajiye iri, da yanka reshe a dasa, da aurar da bishiya. Littafi a kan ɗaya daga cikin waɗannan ya fi aminci a matsayin kyauta fiye da wanda ya yi alkawarin koya maka komai wata bayan wata.

Daga nan sai a duba matsayin mutumin. Sabon mai lambu babban kundi tsoratar da shi yake yi. Shi abin da yake so tsari ne guda ɗaya da zai bi gobe da safe. Misali mai kyau shi ne Square Foot Gardening na Mel Bartholomew, injiniyan da ya fitar da shi a 1981: ka yi kwami mai ƙafa 4 a tsawo da 4 a faɗi, ka raba shi gida 16, kowane gida da abin da za ka sa, kabeji ɗaya a wannan, karas 16 a wancan. Wanda filinsa bai wuce tsakar gida ko baranda ba zai ga kansa a ciki. Shi kuwa wanda ya yi shekara 20 yana lambu, wannan zai zame masa kamar ka kai wa malami allon farawa. Irinsa ne ya dace da kundi kamar Encyclopedia of Gardening na ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, wanda ya fara fitowa a 1992. Ba zai karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba, zai riƙa komawa ne idan abu ya shige masa duhu, kuma yana da gogewar da zai san inda zai watsar da shawarar da ba ta dace da yanayinsa ba. Ko kuma, abin da ya fi, ka gano abu ɗaya da ya fi ƙauna, furen wardi ko itatuwan lemo ko shukar cikin ɗaki, ka nemo littafin da ya yi zurfi a kan wannan kaɗai.

Idan aka ɗora waɗannan biyun a sikeli, littafin gane halittu da na koyar da lambu, na farkon ya fi sauƙin dacewa, domin abu ɗaya kawai kake buƙatar sani, wato yankin. Na biyun sai ka san yanayi, ka san girman fili, ka san gogewar mutum, ka kuma san ba shi da irinsa. Idan ba ka taɓa shiga lambun nasa ka gani ba, ina ba ka shawara ka bar shi.

Babban littafin hotuna kuwa, mai faɗi da takarda mai sheƙi, shi ne ya fi cika ido a lokacin miƙawa, kuma shi ne aka fi saurin ajewa. Ba na cewa ba shi da amfani. Ga wanda tsufa ko rashin lafiya ya hana fita, ko mai son zane, yana iya zama taga. Idan za ka saya, nemi wanda hotunansa ke koyar da wani abu. Sake bugun aikin Maria Sibylla Merian misali ne. Tana da shekara 52 ta shiga jirgin ruwa daga Amstadam zuwa Suriname a 1699, ta yi kusan shekara biyu tana kiwon tsutsotsi tana zana su, sannan a 1705 ta fitar da zane 60, inda za ka ga tsutsa da ƙwarin da ta rikiɗa ta zama a kan ganyen da suke ci. Zanen tsuntsaye 435 na John James Audubon ma ana samunsu a ƙaramin bugu, ko da yake asalin shafinsa ya kusa mita ɗaya a tsawo, kuma idan aka matse shi sosai kwarjininsa yakan ragu.

Littafin da ake karantawa da dare

Akwai mutumin da ba suna yake nema ba, ba kuma umarni ba, yana so ne a ba shi labarin abin da yake ƙauna. A nan yanki ba ya da wani tasiri sosai, abin lura shi ne halin mai karatun.

Biyu da ake yawan bayarwa su ne The Hidden Life of Trees na Peter Wohlleben, ma'aikacin gandun daji a Jamus, wanda ya fito da Jamusanci a 2015, da Braiding Sweetgrass na Robin Wall Kimmerer, na 2013. Na Wohlleben gajerun babi ne masu saurin shiga, yana bayanin yadda bishiyoyi ke musayar abinci ta saiwa da zaruruwan naman kaza da ke ƙarƙashin ƙasa. Amma yana magana a kansu kamar mutane, masu abota da renon 'ya'ya da jin zafi, kuma masana da dama sun yi masa ca, sun ce ya wuce inda bincike ya tsaya. Ga mai farawa yana buɗe zuciya, ga wanda ya karanci ilimin tsirrai yana iya ɓata masa rai. Kimmerer ita kanta farfesar tsirrai ce, kuma 'yar ƙabilar Potawatomi ta asalin mazauna Amurka, ta haɗa abin da ta koya a jami'a da abin da ta gada. Bayaninta kan shuka masara da wake da kabewa a wuri ɗaya, masara ta zama sandar hawan wake, wake ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, faffaɗan ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya riƙe danshi, duk mai lambu zai ji shi a jikinsa. Tafiyarsa a hankali take, mai gaggawa zai gaji. Tsakanin biyun, idan mai lambu ne, nata nake zaɓa.

Silent Spring na Rachel Carson, na 1962, wani abu ne dabam. Ta bi sawun gubar DDT daga bishiyar da aka fesa, zuwa ganyen da ya zubo, zuwa tanar da ta ci ganyen, zuwa tsuntsun da ya ci tanar ya mutu. Shekara 10 bayan fitowarsa Amurka ta hana amfani da maganin a gonaki. Littafi ne mai nauyi, ya dace da mai tunanin daina feshi ko mai son tarihi, amma ba zan kai wa wanda ke jinya ko makoki ba. Mai neman ƙarfin gwiwa gara a ba shi Unbowed, tarihin rayuwar Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyar dashen bishiyoyi ta Green Belt a 1977, ta kuma zama mace ta farko daga Afirka da ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 2004. The One-Straw Revolution na Masanobu Fukuoka, wanda ya fito a Japan a 1975, yana da daɗi ga mai son tunani: ba huɗa, ba takin zamani, ba maganin feshi, a dunƙule iri cikin yumɓu a watsa. Sai dai a gaya wa wanda aka ba cewa shekaru masu yawa Fukuoka ya yi yana gwaji a gonarsa kafin abin ya zauna masa, kada ya jefar da fartanya tun daren farko.

Wanda na fi ƙauna a cikinsu ba a cika tuna shi ba: littafin Charles Darwin na ƙarshe, na 1881, a kan tana. Ya shafe sama da shekara 40 abin yana ransa. Ya ajiye su a tukwane, ya busa musu usur, aka kaɗa musu fiyano, ba su motsa ba, ya gane ba sa ji. Da ya ɗora tukunyar a kan fiyanon aka buga, nan take suka shige rami, domin girgiza suna jin ta. Duk wanda ya taɓa juya ƙasa ya ga tana na wutsil-wutsil, bayan wannan karatu ba zai ƙara kallonta kamar da ba. Turancinsa na da ne, don haka sai mai haƙurin karatu.

Harshe ma abin dubawa ne. Yawancin waɗannan da Turanci ake samunsu, wasu an fassara su zuwa Faransanci da Larabci da wasu harsuna. Littafin labari yana buƙatar ƙwarewa a harshen, alhali littafin gane tsuntsaye ko wanda Turancinsa bai yi nisa ba zai amfana da shi, tun da zane da taswira ne rabin aikin. Shi ya sa ma yake dacewa da yaro ɗan shekara 10 kamar yadda yake dacewa da kakansa.

Wanda babu rubutu a cikinsa

Akwai na ƙarshe da nake komawa gare shi duk lokacin da na rasa tabbas: littafin rubutu mai ƙarfin bango, wanda mutum zai riƙa ajiye tarihin lambunsa a ciki. Ranar da ya shuka, ranar da ya tsiro, ranar ruwan farko, ranar da ƙwari suka bayyana, irin da ya yi kyau da wanda ya ƙi. Wannan ba zai taɓa saɓa wa yanayin kowa ba. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya riƙe irinsa daga 1766 har zuwa 1824. Henry David Thoreau ya riƙa rubuta ranakun da furanni ke buɗewa a garin Concord a shekarun 1850, kuma masu bincike na wannan zamani sun kwatanta rubutunsa da abin da suke gani yau, suka tarar da yawa daga furannin sun koma buɗewa da wuri saboda ɗumamar yanayi.

Rauninsa shi ne farin shafi yana ba wasu tsoro, kuma wanda ba ma'abocin rubutu ba ne zai cika shafi uku ya bari. Idan za ka saya, nemi mai ɗinki, domin mai gam yakan warware idan ya sha danshi, kuma ya zama yana buɗewa ya kwanta da kansa. Waɗanda aka tsara na shekara biyar, inda rana ɗaya take da gurbi biyar a shafi guda, sun fi amfani, don a shekara ta uku mutum zai ga bara da bara waccan a gabansa. Ka haɗa da fensir, domin tawada takan baje idan ruwa ya taɓa ta.

Kowane iri ka tsayar, kafin ka biya ka buɗe bayan littafin ka ga ko akwai fihirisa, sannan ka duba ko an sa sunayen kimiyya. Tun da Carl Linnaeus ya daidaita tsarin suna biyu a 1753, tumatir Solanum lycopersicum ne a kowace ƙasa, alhali sunan gida yana iya nufin shuka uku dabam-dabam a wurare uku. Littafin da ya bar waɗannan biyun, ado ya fi yawa a cikinsa.

Ita yayata, a shekarar da ta biyo baya na kai mata ƙaramin littafin gane bishiyoyi da furannin yankinta, tare da littafin rubutu da fensir biyu. Da na koma, na rubutun na rataye da zare a jikin ƙusa kusa da inda take ajiye bokitin ban ruwa, shafin farko ya sha laka. Ta buɗe ta nuna mini inda ta rubuta cewa irin da ta shuka ranar 3 ga wata ya tsiro ranar 9, a ƙasa kuma ta ja layi ta sa, "Baɗi a jinkirta da mako biyu, rana ta yi masa yawa."